Ƙannenmu Na Jiran Mu A Gida



Da yawanmu muna da ƙanne a firamare. Yaro zai rera maka "biyu sau uku, shida" kamar waƙa, amma ba shi naira 500 ya sayo ƙosan 300, sai lissafin canji ya gagare shi. Hadda ta zauna, fahimta ba ta zo ba. Malamin da yara suka cika wa aji kuwa ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Nan namu aikin yake.

Minti 15 kullum ya isa. Mu tara murafun kwalba, mu jera su uku-uku sahu biyu, ya ƙirga da hannunsa. A karatu, mu rubuta masa "kafa" da "ƙafa", "baki" da "baƙi", ya furta har ya gane aikin lanƙwasa. In ya kuskure, kada mu ɗauki bulala. Yaron da ke tsoro ba ya tambaya.

Wanda ya shigo sakandare bai iya karatu ba, kowane darasi wahala zai zame masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa.