Sharhi: Kafin a goge sunan Lazare, a tambayi tsofaffinta

A watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar suka sauya sunayen wasu tituna da dandali a birnin Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, aka kuma sa hoton Thomas Sankara a inda hoton sojan Faransa Monteil yake. Matasa da dama, a gida da ƙasashen waje, sun yi murna, kuma suna da hujja: babu dalilin da ƙasa mai 'yanci za ta ci gaba da karrama waɗanda suka mallake ta.

Sai dai ba kowane sunan Faransanci ne karramawa ga Bature ba. Akwai sunan da baƙin harshe ne, amma abin da ke cikinsa namu ne. Unguwar Lazare, wadda ake rubutawa Lazaret, tana cikin irin waɗannan.

A Faransanci kalmar na nufin wurin da ake killace masu cututtuka masu yaɗuwa, nesa da jama'a. Amma abin da ya fitar da sunan Lazare a duniya shi ne farin 1973 zuwa 1974. Dabbobi suka ƙare a arewa, dubban makiyaya, akasarinsu Abzinawa, da yawa daga Mali, suka gangaro Yamai ba su da komai. A Lazare, bayan gari a lokacin, aka kafa masu sansani, suna jiran hatsin agaji. Wannan fari da ƙorafin yadda aka sarrafa kayan agaji suna cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974.

Yau gari ya haɗiye wurin. Gidaje ne, makarantu, shaguna da masallatai. Saurayin da aka haifa a unguwar zai iya faɗin sunanta sau goma a rana, ba tare da ya san cewa a ƙasar da yake takawa mutane sun taɓa yin layi da ƙwarya a hannu ba.

Al'ummarmu ta saba ajiye tarihinta a cikin suna. Unguwar Bukoki da ke Yamai daga bukkokin da baƙi suka fara kafawa ta samo sunanta. Zangon Kumasi da Sabon Zangon Ankara suna tuna fataken goro da suka sauke kaya, har suka zama 'yan gari. A ƙasar Maraɗi har gobe ana kiran yunwar 1984 El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Duk wanda ya ji sunan ya tambayi dalili, an buɗe masa babin tarihi. Ranar da aka daina tambaya, suna ya zama fanko.

Ga inda matsalar take: yaron da ya shiga sansanin Lazare yana ɗan shekara 10, yanzu ya haura 60. Manyan da suka jagoranci tafiyar, kaɗan suka rage. Rahotannin ƙungiyoyin agaji na wancan zamani sun ƙirga buhuna da kawuna, amma wace hanya aka biyo, wa aka binne a hanya, wa ya koma daji, wa ya zauna ya zama mai gadi ko maƙerin azurfa a birni, wannan yana bakin masu shi ne kawai.

Abin mamaki, kayan aikin suna nan cikin Yamai. Cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka an kafa ta ne domin tattara tarihin baka, haka ma cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da taskar muryoyi da rubuce-rubuce. Muna kira gare su da hukumar birnin Yamai da su naɗi shaidar tsofaffin Lazare da harsunansu, Tamashek, Fulatanci, Zabarmanci da Hausa, a kuma kafa allo a unguwar mai bayanin abin da ya faru.

Ku ma matasa kuna da naku. Wayar da ke hannunku ta isa naɗar hirar awa guda da kaka. Ku da ke Legas, Tripoli, Jidda ko Faransa, kun fi kowa sanin ɗacin isa gari ba ka san kowa ba. Idan kun kira gida, bayan gaisuwa da maganar aike, ku tambayi yadda gidanku ya zo unguwar da yake.

Idan wata rana aka zo kan sunan Lazare, mazaunanta ne ya kamata su yanke hukunci, bayan sun ji labarin daga bakin waɗanda suka gani.