Tsakanin 2 da 8: Darasin Aljabara da Tamale ke Bukata

A duk asibiti ko ƙaramin gidan shan magani da ake rigakafin yara a Tamale, akwai firji guda da ba a wasa da shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yawancin alluran rigakafi su zauna a sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce digiri 8 ba a ma'aunin Salsiyos. A garin da zafin watan Maris kan kusanci digiri 40, ga ɗaukewar wuta da mutanen Gana ke kira dumso, kiyaye wannan ɗan taƙin aiki ne na safe da yamma. In zafi ya yi yawa maganin ya rage ƙarfi, in ya daskare wasu alluran sun lalace ke nan. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba ma'aunin tana aiki ne da abin da malamin aljabara ke rubutawa a allo kamar haka: 2 ≤ x ≤ 8.

Wannan shi ne rashin daidaito mai iyaka biyu, darasin da ɗaliban sakandare da dama ke ɗauka a matsayin wahalar banza. Laifin ba na darasin ba ne. Yadda ake gabatar da shi ne ke kashe shi: malami ya cika allo da alamomi, yara su kwafa, su haddace ƙa'ida, a wuce babi na gaba.

Darasin iri biyu ne, kuma dukkansu suna cikin rayuwar mutanen Sakasaka da Lamashegu da Zongon Hausa. Na farko shi ne mai haɗa sharuɗɗa biyu a lokaci ɗaya, kamar na firji. Na biyu shi ne mai cewa ko wannan ko wancan. Tsarin inshorar lafiya na Gana, NHIS, wanda aka kafa da doka a 2003, ya yafe kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da 18 da dattawa masu shekara 70 zuwa sama. A rubuce: x < 18 ko x ≥ 70. Idan aka zana a layin lamba, kibiya ɗaya za ta nufi hagu daga 18, ɗaya ta nufi dama daga 70, tsakiya ta zauna fayau. Ba wanda zai cika sharuɗɗan biyu lokaci guda, domin ba mai zama yaro da tsoho a rana ɗaya. Yaron da ya taɓa raka kakarsa sabunta kati zai gane wannan zane tun kafin malami ya ajiye alli.

A nan ne kuma batun da'ira ke shigowa, abin da ke kayar da ɗalibai fiye da kima. A kan 18 ana zana da'ira buɗaɗɗiya, saboda wanda ya cika 18 cif ya fita daga sahun yara. A kan 70 ana cike da'irar, saboda wanda ya cika 70 cif ya shiga sahun dattawa. Mai ganin wannan ƙaramin abu ne ya leƙa wurin awon yara. Ma'aikatan lafiya na ɗaura wani ɗan tef mai launi a damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 don gano tamowa. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, wato 11.5 ≤ x < 12.5. Yaron da awonsa ya tsaya daidai kan 11.5 a wane rukuni yake? Amsar tana cikin ɗan layin da ke ƙarƙashin alamar, kuma a kanta ake yanke irin kulawar da za a ba shi. Ɗalibar da ke burin karatun jinya ta cancanci a nuna mata wannan tun tana aji, da tef ɗin a hannunta in da hali.

Sai wurin da gumi ke karyowa, wato warwarewa. A ce uwa ta shiga kasuwar Aboabo da sidi 200, kwanon shinkafa kuma a ce sidi 30 ne. Tana son abin da zai rage mata kada ya gaza sidi 50 na kayan miya da kuɗin keken yalo-yalo, kada kuma ya wuce 110, don ba ta son komawa gida da shinkafar da ba za ta kai ko'ina ba. Lissafin shi ne 50 ≤ 200 − 30x ≤ 110. A cire 200 daga sassan uku, a samu −150 ≤ −30x ≤ −90. A raba da −30, alamomin su juya, a samu 5 ≥ x ≥ 3. Kwano uku zuwa biyar ke nan.

Me ya sa alamar ta juya? Ɗalibai da yawa ba za su ce komai ba illa haka malam ya faɗa. Ita kuwa uwar ta san dalili ba tare da biro ba: yawan kwanon da ta auna, ƙarancin canjin da ke hannunta. Wanda ya manta bai juya alamar ba zai tashi da amsar da ke cewa x ta kai 5 zuwa sama kuma ba ta wuce 3 ba, lambar da babu ita a duniya. Da ya zana layin lamba da ya ga hakan nan take. Shi ya sa zanen ba ado ba ne da ake ƙarawa idan lokaci ya rage. Shi ne hanyar da ɗalibi zai kama kuskurensa da kansa a zauren jarrabawa, inda ba malami a kusa.

Malamai na da uzurinsu, kuma ba na raini ba ne. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017 ajujuwa sun cika, manhaja na da tsawo, jarrabawar WAEC ba ta jiran kowa. Amma misalin firji ko na katin inshora minti biyar yake ci, ba ya buƙatar kwamfuta ko sabon littafi. Abin da ake tsoron asara wajen bayani, ana asarar ninkinsa wajen maimaita darasin da bai zauna ba. Kuma hukuncin faɗuwa mai nauyi ne: jami'o'in Gana, har da UDS da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Tamale, suna neman sakamako tsakanin A1 da C6 a lissafin dole. Wanda ya samu D7 sai ya sake zama, ko da ya yi zarra a sauran fannoni.

Akwai kuma maganar harshe. Dagbani na cikin harsunan da gwamnatin Gana ta amince a koyar a makarantu, Hausa ba ta ciki, duk da yawan masu jinta a kasuwa da zanguna. Wannan bai hana malami ya dakata ya ce "bai gaza ba", "bai kai ba", "bai wuce ba" da harshen da yaro ya tashi da shi, sannan ya koma Turancin jarrabawa. Bambancin "bai kai 18 ba" da "bai wuce 18 ba" shi ne dukan bambancin da'ira buɗaɗɗiya da cikakkiya, kuma ɗan shekara goma yana jinsa a kunnensa.

Gyaran ya kamata ya faro daga inda ake horar da malamai. Kwalejin Ilimi ta Bagabaga da takwararta ta Tamale suna yaye malaman da ke bazuwa makarantun Arewacin Gana duk shekara. Ya kamata su wajabta wa kowane ɗalibin malanta mai koyon aiki ya buɗe wannan darasi da misali na gaske daga unguwar da aka tura shi, ya kuma sa kowane yaro ya zana layin lamba da hannunsa kafin a karɓi amsarsa. Iyaye ma su buɗe littafin aikin 'ya'yansu, in sun ga amsa ba zane, su tambayi dalili a taron iyaye da malamai.