Raddi ga Mai Cewa Fentin Mai Bai San Damina Ba

Makon jiya a wata majalisa kusa da tsohuwar tashar jirgin Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, wani mai fenti ya tsaya kai da fata cewa babu lokacin shafa wa bencuna da teburan waje fentin mai kamar tsakiyar marka. Hujjojinsa uku ne: mai da ruwa ba sa haɗuwa, damina babu ƙura, kuma in fenti ya ƙi bushewa sai a ƙara masa fetur. Zan yi masa adalci, ko da yake maganar ba ta kai a ɓata mata tawada ba.

Mu fara da ta farko, wadda a kanta ya jingina komai. Ƙwarai, mai da ruwa ba sa haɗuwa, kuma a nan gizo ke saƙar. Katakon da ya kwana waje a watan Agusta ya sha ruwa ya ƙoshi, ko da tafin hannu ya ji shi a bushe. To in ka shafa masa mai, me man zai kama? Kwanciya zai yi a kan danshi kamar man gyaɗa a kan ruwan kwano. Rana na fitowa, ruwan da ka kulle a ciki ya nemi hanyar fita, fenti ya yi bororo, ya ɓamɓare. Kamfanonin fenti da kansu suna gargaɗin kada a shafa idan laimar iska ta haura kashi 85 cikin 100, kuma danshin katako kada ya wuce kusan kashi 15. Malam, ka taɓa tsayawa ka karanta jikin gwangwanin da kake buɗewa kullum?

Kuma fentin mai ba bushewar wanki yake yi ba. Tinar da ke cikinsa ce ke fara tashi, sannan man ya riƙa shan iskar oksijin a hankali har ya taurara. Laima da sanyin dare suna jinkirta wannan, raɓar asuba ta sauka ta kashe sheƙi, balle a gidajen da ke bakin gulbin Gagare. Ni ganau ne. Bara na bari aka shafe bencin ƙofar gidana ana tsakiyar ruwa. Bayan kwana huɗu wani baƙona daga Zurmi ya zauna a kai da farar shadda, ya tashi da koren layi biyu a bayansa. Har yau in mun haɗu ƙasa nake kallo.

Batun ƙura, na yarda hazon hunturu yana manne wa ɗanyen fenti. Amma wa ya ce dole sai marka ko hazo? Ina ka baro kaka? Daga ƙarshen Oktoba ruwa ya ɗauke, katako ya bushe, ƙura ba ta yi ƙarfi ba. Sai ka goge da samfefa, ka shafa siriri da hantsi, ka bar shi ya kwana kafin ka maimaita. Ƙwarin damina ma ai ba su fi ƙura ladabi ba.

Fetur kuwa tsinka fenti kawai yake yi, rufin ya zama sharara, ga haɗarin gobara in teburin mai shayi ne.

Ya kuma ce ya ga bencuna a kasuwar Shinkafi da aka shafa da damina suna nan lafiya. A ƙarƙashin rumfa suke, malam. Ka fito da ɗaya waje ya kwana uku, sai mu yi magana.