A Auna Taragun Gyaɗa Tun Kafin Su Tafi Hannun 'Yan Gwangwan

A ƙasashen Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai wata al'ada wadda duk wanda ya fara jin labarinta sai ya yi murmushi. Magidanci ne, wani ma da furfurarsa, zai keɓe ɗaki guda a gidansa, ya kafa tebur, ya shimfiɗa 'yar siririyar hanyar dogo a kai, ya gina tasha da gada da rumbun kaya, sa'an nan ya riƙa tuƙa 'yan jiragen ƙasa waɗanda kan jirgin bai fi taƙi guda da 'yan kai ba. Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan motar kara ce irin ta yaran unguwa, sai dai ta masu kuɗi. To, amma wanda ya matsa kusa ya ga irin binciken da ake yi kafin a jera taragu goma a bayan ɗan jirgin nan, zai gane cewa mutanen suna yi wa tarihin ƙasarsu wani aiki wanda ya kamata a yi wa Nijeriya irinsa, kuma lokacin yinsa yana ƙurewa.

Jirgin kaya shi ya fi ba su wahala, domin kuwa jirgin fasinja kowa ya ɗauki hotonsa, amma wa ya damu da taragon kwal? Wanda ke son ya kwaikwayi jirgin kaya na Ingila kamar yadda yake a 1935, alal misali, tilas ya san cewa yawancin taragun wancan zamani ba su da birkin da direba ke iya takawa daga gaba, saboda haka dole a sa taragon birki a ƙarshe, da ma'aikaci a ciki mai murɗa birkin hannu in an zo gangara. Dole ya san cewa ba a liƙa tankin fetur a jikin kan jirgi mai wuta, sai an sa wasu taragu a tsakani. Dole ya san cewa yadda aka jera fitilu a goshin kan jirgi shi ke gaya wa mai ba da hannu ko wane irin jirgi ne ke tafe. Har farar ƙasar da ake shafa wa taragun shanu sai ya bincika, domin an hana shafa ta tun cikin shekarun 1920, watau in ya shafa wa nasa na 1935, masana za su ce ya yi ƙarya. Taragun kwal kuwa a lokacin da yawansu na 'yan kasuwa ne, kowanne da sunan mai shi da manyan baƙaƙe, kafin gwamnati ta haɗe jiragen ƙasa a hannunta a 1948.

Duk wannan ba a zaune ake saninsa ba. Sai an tono tsofaffin jadawalin aiki na ma'aikata, da zanen injiniyoyi, da hotuna, an kuma zauna da tsofaffin direbobi. Saboda haka ne aka kafa ƙungiyar Historical Model Railway Society a Ingila cikin 1950, wadda ke tattara zane da hotunan taragu don kada su salwanta. Haka kuma gidan tarihi na Pendon da ke ƙauyen Long Wittenham, wanda wani mutumin Ostareliya mai suna Roye England ya kafa a 1954. Shi wannan bawan Allah ya ga ana rushe tsofaffin gidajen karkara ana sāke musu fasali, sai ya shiga auna su yana ɗaukar hoto, daga baya aka gina kwaikwayonsu da kwali, tare da jiragen da ke ratsa yankin a shekarun 1920 da 1930. Yau wasu gidajen sun sauya kama sarai, amma awonsu yana nan.

Tsananin bin diddigin mutanen nan har yakan ba da dariya. Faɗin hanyar dogo ta Ingila milimita 1,435 ne. A sikelin da aka fi sayarwa can, wanda ake rage kome sau 76.2, ana shimfiɗa hanya mai faɗin milimita 16.5, alhali lissafi ya ce 18.83 ya kamata. Wannan 'yar tazara ta milimita biyu da ɗoriya ta isa ta sa wasu suka watsar da hanyar kanti suka koma ƙera tasu da hannu.

Sai kuma gyara. Ɗan jirgin yana shan wutar lantarki ne daga ƙarafan hanya, wajen bolt 12 a tsarin da aka daɗe da shi, wutar ta bi ta ƙafafun jirgi, wasu siraran tagulla da ke gogar ƙafafun su kai ta ga inji. Ƙura kaɗan ko tsatsa ta isa ta tsai da shi. Mai shi sai ya koyi bin laifi daki-daki: ya goge hanya da ƙafafu, ya duba ko gawayin da ke gogar cikin injin ya cinye, ya saurara ko wani haƙorin roba ya tsage yana ƙas-ƙas, ya kuma koyi cewa mai in ya yi yawa ɓarna yake yi, ɗigo guda a bakin allura ya wadatar. A samfurin jirgin kwal akwai wani abin da ya fi wannan. Sandunan da ke haɗa ƙafafun dama da na hagu ba daidai suke tafiya ba, ɓangare guda yana gaban ɗaya da rubu'in juyi, kuma in ƙafa ɗaya ta zame daga wannan saiti, jirgin ya dinga ɗingishi ke nan ko ya cije. Haka abin yake a babban jirgi na gaske. Yaron da ya gyara wannan da hannunsa ya fahimci abin da malami zai yi mako yana zanawa a allo.

Ina ruwan Nijeriya da wannan? Ruwanta shi ne, jirgin kaya ne ya gina garuruwa da yawa a ƙasar nan. Dogo ya isa Kano a 1911, ya haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a 1916, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da shanu suka riƙa gangarawa kudu, kuza ta sauko daga Jos, goro da gishiri da kananzir suka hau arewa. Dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da hotonta, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne jirgi bai iya kwashe amfanin da sauri ba. Akwai ma 'yar ƙaramar hanya mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya zuwa Jos, wadda aka rufe a 1957.

To, a ce wani ɗalibi a Kaduna ya yi niyyar kwaikwayon jirgin gyaɗa na 1960 yana barin Kano zuwa Apapa. Tambayoyin da zai yi su ne ainihin tarihin: buhu nawa tarago ke ɗauka, wane launi aka shafa masa, yaya aka rubuta lambarsa, taragu nawa kan jirgi ɗaya ke ja, a ina ake tsayawa shan ruwa, a ina ake sauya direba. Littafin Francis Jaekel mai juzu'i uku kan tarihin reluwen Nijeriya, wanda ya fito a 1997, zai taimake shi, haka ma ɗan gidan tarihin da ke gidan Jaekel a Ebute Metta, Ikko. Amma amsoshi da yawa suna cikin kan tsofaffin ma'aikata ne, kuma wanda yake ɗan shekara 25 yana zuba kwal a 1965, yau ya haura 80. Sabbin hanyoyin Abuja zuwa Kaduna na 2016 da Ikko zuwa Badun na 2021 masu faɗin milimita 1,435 ne, watau tsohon tarago ba zai taɓa hawansu ba, kuma abin da ba ya aiki ƙarshensa awon kilo.

Wani zai ce ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta jirgin wasa? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin samfurin da ake shigowa da shi daga waje yana da tsada ƙwarai. Sai dai mafi amfanin aikin, watau awo da hoto da hira da dattawa, ba ya bukatar kuɗin waje. Ƙasar da yaranta ke ƙera mota da karan dawa da langa-langa ba ta rasa masu hannu ba. Lissafin ma ya zo da sauƙi: tsohuwar hanyar Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ce, milimita 1,067, kuma in aka rage kome sau 64, hanyar nan ta kanti mai milimita 16.5 ta yi kusan daidai, kamar yadda masu wannan sha'awa a Niyu Zilan suke yi, tun da faɗin dogonsu ɗaya ne da na nan.

Abin da ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta yi ba mai tsada ba ne. Ta ware tarago ɗaya daga kowane iri kafin a yi gwanjon sauran, ta ɗauki hoton zanen da ke ma'aikatunta na Ebute Metta da Inugu da Zariya, ta ba gidajen ajiye takardun tarihi na Kaduna da Badun da Inugu kofe. Cibiyar koyar da fasahar sufuri da ke Zariya da kwalejojin kimiyya da fasaha kuwa su mai da shi aikin ɗaliban shekarar ƙarshe: a ba ɗalibai uku tef na awo da kyamara, a haɗa su da tsohon direba ɗaya, a ce su kawo cikakken zanen taragon gyaɗa guda da samfurinsa mai tafiya kafin a ba su takardar shaida.