Santsin Damina: A Duba Lodi Da Taya Kafin A Zargi Hanya

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci kan yadda ƙananan motoci ke zamewa da damina a yankinmu, tun daga Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, har hawan Riruwai.

Da mota ta zame sai ka ji an ce laifin hanya ne, wani ma ya ce aljanu. Hanyoyin burjinmu suna da nasu laifin, amma mu ma sai mu duba namu.

Da can Fijo 504 ce motar haya, ita kuwa tayoyin baya ke tura ta, in an yi mata lodi sai su ƙara danne ƙasa. Yau Golf da Sharon sun cika tashoshinmu, su kuwa tayoyin gaba ke jan su, kuma su ne na sitiyari. To, in an jibga buhunan masara a but, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, da me motar za ta kama ƙasa a hawa mai laka?

Direba, ga yadda za ka gane ciwon. In inji na kuka, taya na wulwulawa tana watsa taɓo, santsi ne: rage totur, sa giya ta biyu, a sauke buhu biyu. In inji na kuka amma taya ba ta motsi, ga ƙauri, to kuloci ne, sai bakanike. In ka murɗa sitiyari a kwana motar ta miƙe abinta, tayoyin gaba ne suka saki: ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi.

Sai maganar taya. A Turai, inda ruwa ke daskarewa a kan titi, da yawa suna canza taya in hunturu ya zo, dokarsu kuma ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. Mu kuwa gwanjonsu muke saye, mu yi ta hawa har waya ta leƙo. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefe: 2519 na nufin mako na 25, shekarar 2019. Ka sa mai faci ya nuna maka.

Ina kira ga shugabannin tashoshin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su riƙa duba taya da lodi kafin mota ta tashi. Mu kuma 'yan kasuwa mu daina matsa wa direba ya ƙara buhu ɗaya. Kuɗin sawu biyu bai kai asarar rai ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu, amin.

Naku,
Wani mai fataucin masara,
Tudun Wada, Jihar Kano.