Mai Ɗaukar Nauyin Gida, Yaushe Ya Auna Jininsa?



Duk ranar da aka ce wani abokin aikinmu ya yanke jiki ya faɗi, ko ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, kalma ɗaya ce ke yawo a wurin dubiya: "Tunani ne ya yi masa yawa." Sai mu yi addu'a mu watse. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta zame mana mafaka. Da yake tunani ba ya ƙarewa, sai muka ɗauka babu abin da za a iya yi.

Babu mai musun nauyin da ke wuyan malami. Da yawa daga cikin masu koyarwa a Kura, Bunkure da Garun Malam a birnin Kano suke zaune, kullum suna bisa titin Zariya, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashi. Ragowar ce za ta biya hayar gida, kuɗin makarantar yara, maganin iyaye da kayan ɗakin 'ya mace. Wanda ya ci bashin taki ya yi noman rani a Kadawa, zuciyarsa na kasuwar Kwanar Gafan, inda farashin kwandon tumatir kan faɗi a daidai lokacin da kowa ya kwashe amfaninsa. Malama kuwa ta hura wuta tun asuba, ta yini a aji, ta dawo ta tarar da wani aikin yana jiranta.

Irin wannan ɗawainiya tana barin tabo. Idan hankali ya tashi, jiki kan saki sinadarai masu sa zuciya bugawa da sauri da jijiyoyi tsukewa. Idan hakan ya ɗore, ga ƙarancin barci, ga cin abin da aka samu a bakin hanya, ƙofar hawan jini ta buɗe. Sai dai damuwa ɗaya ce cikin dalilai. Akwai gado, shekaru, ƙiba, taba sigari, yawan gishiri da rashin motsa jiki, kuma mafi yawansu suna da makama.

Zato uku ne ke cutar da mu. Na farko, "ai ni ƙalau nake ji." Hawan jini kan shekara da shekaru ba tare da ko ciwon kai ba, yana ɓarna a zuciya, ƙoda, idanu da ƙwaƙwalwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin manya 3 a duniya na ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Na biyu, ajiye magani da zarar hankali ya kwanta ko albashi ya shigo. Maganin hawan jini riƙe shi yake yi, kamar yadda madatsar Tiga ke riƙe ruwa tana sakinsa daidai gwargwado zuwa gonakinmu; ranar da aka daina sha, matsin ya dawo. Na uku, "kowa da ranarsa." Haka ne, amma dogaro ga Allah bai taɓa hana manomin Kadawa gyara magudanar ruwansa ba.

Gyara daga madafa yake farawa. Hukumar ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk suna cikin lissafin. Abin takaici ne a ce tumatir, albasa da sauran kayan lambun da muke lodawa a manyan motoci zuwa Legas su yi ƙaranci a tukunyarmu. A ƙara zogale, alayyahu da wake, a rage soye-soye da lemon kwalba. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 da ake so, kuma ba ta cin ko kwabo.

Muna kira ga reshenmu da ya sanya wannan batu cikin ayyukansa kamar yadda yake bibiyar ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman kowace makaranta za su iya yin karo-karo su sayi na'urar awon jini mai aiki da batir, a riƙa aunawa sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi. Duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA ya yi amfani da katinsa, domin da guminsa aka biya. Ranar 17 ga Mayu da ranar 29 ga Satumba, da duniya ta keɓe domin hawan jini da lafiyar zuciya, sun dace mu gayyato ma'aikatan lafiya taronmu.

Ga iyalanmu kuma muna da roƙo. Maigida ya daina haɗiye damuwa shi kaɗai da sunan jarumta. Ya zauna da uwargida su san abin da albashi zai ɗauka da abin da zai jira. Uwargida ita ma a tambaye ta yaushe rabonta da awo. Kuɗin magani ya shiga lissafin wata tare da buhun masara. Dangi su yi haƙuri idan gudunmawar biki ta ragu, domin gidan da ginshiƙinsa ya kwanta jinya, ba gudunmawa kaɗai zai rasa ba.

Kafin fitowar mujallarmu ta gaba, kowannenmu ya san lambar jininsa. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.