Mai Cewa Baiwa Ce, Ya Fara Sayen Takarda

Duk lokacin da wani yaro a Barmu ya ɗauki gawayi ya zana raƙumi da mai shi a jikin katanga, sai ka ji manya suna cewa baiwa ce. Wannan kalma ta ishe ni. Da ita muke wanke hannunmu, mu malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin abin da aka kira baiwa ba ya bukatar kuɗi ko malami.

To, zanen surar mutum aiki ne mai cin kaya da lokaci. A makarantun zane na Faransa a da, ɗalibi yakan fara da kwaikwayon zanen magabata, sannan ya koma ga mutum-mutumin farar ƙasa, sai daga baya a ajiye masa mutum mai rai. Gawayi ne alƙalaminsa, tsakiyar burodi ce magogarsa. Yana miƙa hannu ya auna da fensir, har ido ya gane cewa tsawon babban mutum ya kai kansa bakwai da rabi. Ana koya masa ƙashi da jijiya. Shi kuwa wanda ake zanawa, ba a cika tuna shi ba: mutum ne da ke ƙame jikinsa sa'o'i, wuya ya sage, ƙafa ta mutu, kuma ladarsa ake biya.

Aina Onabolu sai da ya je Landan a 1920 neman wannan horo. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ana yaba musu da bijire wa tsarin Turawa. Haka ne. Amma a cikin ajin suka bijire, da takarda a gabansu da malami a kansu.

Na san abin da za a ce: addini, da kunya. Ban raina wannan magana ba, kuma babu mai neman a tuɓe kowa a Adar. Ai ba mu rasa abin zanawa ba. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma ɗan kokowa a fili darasi ne na kafaɗa da cinya. Ga makiyayi a kasuwar Barmu ya rataya hannuwa bisa sanda, ga mai jan guga a bakin rijiya. Babbar riga ma, yadda take faɗowa daga kafaɗa, ta isa aikin wata guda.

Abin da muka rasa shi ne ƙunshin takarda, da inuwar zama, da ƴan kuɗin da za a ba mai tsayuwa, da malamin da shi kansa an taɓa gyara masa hannu. Ƙungiyar da ke hayar kujeru da amsa-kuwwa don bikin yini ɗaya ba za ta gaya mini takarda ta fi ƙarfinta ba.